Zomon Yaro Ba Ya Mutuwa Haka Kawai



Maganar yau ƙarama ce a ido, har wani zai ce me ya kai mu. Magana ce a kan kejin zomo, da ɗakin tattabaru, da abin da ake shimfiɗa wa ɓeran masar, da akwatin gilashin da ake zuba kifi a ajiye a falo. Daga Hanwa muka ɗauko ta, nan Zariya, domin a nan muke ganin abin da idanunmu, amma mun san har Kano da Katsina da Maraɗi labarin bai sauya ba.

Bayan kowace Sallah, in yara sun tara kuɗin yawon Sallah, kasuwar ƙananan dabbobi takan buɗe. Wannan ya sayo zomaye biyu, wancan tattabaru, wani kuma ɓeran masar a cikin kwalin taliya da aka huhhuda. Sai an iso gida sannan a fara tambayar inda za a sa su. A ranar ake neman tsohon kwando, ko a kifa musu baho, ko a roƙi kafinta ya haɗa wani abu da ragowar katako kafin magariba. Bayan sati uku ko wata guda a wayi gari ɗaya ya mutu, ɗayan ya bi shi. Uwa ta ce wa yaro ya yi haƙuri, kwanansu ne ya ƙare. Uba ya ce dama ya faɗa, kiwo bai karɓi gidan nan ba.

Mu dai a ganinmu, yawancin waɗannan dabbobi makwancinsu ne ke kashe su, tun kafin a zo maganar abinci ko cuta. Kuma alhakin ba ya kan yaro ɗan shekara tara. Yana kan babban da ya ba shi izinin sayowa bai tambaye shi ina za su kwana ba. Ba a fafa gora ranar tafiya, amma kullum haka ake yi wa zomo.

Bari mu fara da zomon, domin shi ya fi shan wahala, kuma wani ruɗani na harshe ya taimaka wajen wahalar tasa. Kalmar zomo a bakinmu dabba biyu take ɗauke da su. Akwai zomon daji, wanda muka sani a tatsuniya da karin magana, wanda mafarauta ke bi da karnuka. Wannan ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake laɓewa, 'ya'yansa kuma da gashinsu da idonsu a buɗe ake haifar su. Ɗan ƙasa ne, ya san bazararmu. Zomon da ake sayarwa a kasuwa wata halitta ce daban. Asalin kakanninsa yankin Sifen da Fotugal ne, kuma a can cikin rami suke wuni, inda ƙasa ke da sanyi, sai da yamma su fito kiwo. 'Ya'yansa tsirara ake haifar su, ido a rufe, sai wajen kwana 10 suke buɗe shi. Duk mai rubuta labari da ya sa zomon gida yana tsere a fili da tsakar rana ya haɗa dabba biyu ke nan, haka ma mai kiwon da ya ɗauka cewa tunda zomo ɗan daji ne zai jure komai.

Zomon gida ba ya gumi irin namu. Ta kunnuwansa da saurin numfashi yake fitar da zafin jiki, shi ya sa kunnuwan suke da faɗi da jijiyoyi a fili. Yanayin da ya fi jin daɗi bai wuce digiri 15 zuwa 21 ba, in kuwa zafi ya haura 30 ya fara galabaita: ya rage cin abinci, ya miƙe a ƙasa yana haki, namijin ma ƙarfin haihuwarsa yakan ragu na wani lokaci. To ku auna wannan da Zariya a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 35 a inuwa. A Afrilu rana tsakar ka take tsayawa, ba ta gefe take dukan keji ba, ta sama take sauka. Sannan ku tuna yadda gidajen Hanwa suka koma, musamman gidajen haya da sababbin gine-gine: tsakar gida an malale ta da siminti, an sare bishiyar da ke ciki an ƙara ɗaki, katanga ta bulo ta tare iska. A cikin wannan fili ne ake ajiye akwati mai rufin kwano, tazarar kwanon da bayan zomon bai fi taƙi biyu ba. Wanda ya taɓa shiga shagon kwano da azahar ya san abin da muke nufi, shi kuwa yana da ƙofar fita.

Abin haushin shi ne, wannan akwatin kwano da waya shi ake kira na zamani, shi ake alfahari da shi. Hotonsa aka gani a waya, a bidiyon wani mai kiwo a Ingila ko Amurka, inda babbar damuwarsu sanyi ne da dusar ƙanƙara. Kafinta ya kwaikwayi siffar, ya bar dalilin.

Tsohuwar hanyar da ake bi a gidajen ƙasa, wato a ware wa zomaye wani ɗan ɗaki na jar ƙasa a sake su a ciki su haƙa ramukansu, ta fi wannan fahimtar dabbar. Tana da nata aibin, kada mu ɓoye. Ruwan Agusta kan cika ramin ya kashe 'ya'ya, maciji da gafiya kan samu hanya, ba ka sanin wace ta haihu ko wane ne uban, kuma da yake suna cin abinci a inda suke kashi, ciwon gudawa kan zagaye su gaba ɗaya. Amma ta ba zomo abin da ya fi bukata a bazara, wato wuri mai duhu da sanyi da zai shige. Har a Italiya masu bincike sun gwada haɗa biyun: keji a waje, da ɗan ɗaki binne a ƙasa, da bututu a tsakaninsu, dabbar ta zaɓi inda take so. Mu da muke da maginan tukwane ba mu da uzuri. Tsohuwar tukunya mai faɗin baki, a kwantar da ita a jikin kejin ta yadda bakinta zai buɗe zuwa ciki, a lulluɓe bayanta da yashi, a riƙa yayyafa wa yashin ruwa da rana, ta wadatar. Hikimar randa ce. Ita ce kuma hikimar da Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yi amfani da ita ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Abin da ya hana tumatir ruɓewa zai hana zomo suma.

In za a je wurin kafinta, a je masa da awo, kada a ce masa kawai ya yi kejin zomo. Uwa ɗaya da 'ya'yanta suna bukatar aƙalla ƙafa 3 a tsawo, ƙafa 2 a faɗi, da ƙafa ɗaya da rabi zuwa sama, yadda za ta iya miƙewa a kan ƙafafun baya ba tare da kunnenta ya taɓa rufi ba. A ɗaga kejin daga ƙasa kamar ƙafa 3, don iska ta ratsa ƙarƙashi, kashi ya zube, kare da muzuru kuma su kasa kaiwa. Rufi in da hali a yi na ciyawa. In kwano ne dole, a ɗaga shi sosai, a ɗora masa zana ko karan dawa a kai. Ragar da za a sa a ƙasa ita ce inda ake yawan kuskure. In idonta ya yi faɗi ƙafar 'ya'ya ta zurma ta karye, in ya yi ƙanƙanta kashi ya toshe ta. Mai ido rabin inci da inci ɗaya ake nema, mai kauri, ba irin siririyar ragar kaji da ɓera ke yagawa cikin dare ɗaya ba. Ko da an dace da ragar, a sa wani ɗan falle na katako a gefe guda inda zomon zai huta, domin tafin ƙafarsa gashi ne kawai, ba shi da tsoka irin ta kyanwa, tsayuwa kan waya dare da rana kan sa masa gyambo. Haƙoransa kuma ba sa daina tsiro, duk katakon da bakinsa ya kai sai ya gurgure shi, saboda haka waya ta kasance ta ciki, katako ta waje. Baƙin man da ake shafa wa katako don gara a tsayar da shi a ƙafafun kejin. Ƙafafun nan a tsoma su cikin gwangwani mai ɗan ruwa ko man, saboda kwarkwasa, wadda kan cinye jariran zomo da ransu a damina.

Sai inda kejin zai fuskanta, kuma a nan kakanninmu sun riga sun gama aikin. Duk maginin ƙasa a Zariya ya san bangon gabas shi ke fara zaizayewa, domin daga gabas hadari ke tasowa da iskarsa. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ke nan keji ya ba wa gabas baya, bayan kuma ya zama rufaffe. Yamma tana da zafin la'asar, a kare ta da inuwar bishiya ko zana. Da bazara a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen da iska ke shigowa. Da hunturu a sauke busasshen buhu da dare a ɗage shi da safe. Kada a naɗe kejin da leda don tausayi. Leda tana tare iska, warin fitsari ya taru, kuma wannan warin mai yaji da ke sa mutum hawaye shi ke cinye huhun dabba, ka ji zomo yana atishawa hanci na zuba.

Maganar shimfiɗa ta fi kowace samun sakaci, alhali ita ce mafi araha. A wurin 'yan katako a Sabon Gari ana samun abu biyu da mutane ke ɗauka ɗaya ne. Akwai garin katako mai laushi da zarto ke zubarwa, akwai kuma askin katako mai faɗi-faɗi da injin gogewa ke fitarwa. Na biyun ake so. Garin yana tashi ya shiga hanci da ido, ya manne a jikin jarirai masu danshi, in ya jiƙe kuma ya dunƙule kamar tuwo. Askin ma a shanya shi a rana kafin a zuba, a kuma tambaya ko daga katakon da aka yi wa feshin magani ya fito. Ɓuntun shinkafa yana da kyau a ƙarƙashin keji, yana shan ruwa. Ɓawon gyaɗa a yi hattara da shi a damina, yana saurin yin fumfuna, dabbar kuma za ta ci. Tsumma da auduga da zaren buhu kada su kusanci akwatin haihuwa, zare kan naɗe ƙafar jariri har ta mutu. Busasshiyar ciyawa mai laushi ita ce gaba da komai, a ci a kuma kwanta a kai.

Cikin zomanya kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan ɗara. A kwana na 28 ake sa mata akwatin haihuwa, ɗan ƙarami wanda za ta iya juyawa a ciki, da 'yan hudoji a ƙasansa, a cika shi da ciyawa. Ita da kanta za ta tsige gashin ƙirjinta ta ƙarasa shimfiɗar. In ba a sa akwatin ba, a kan waya za ta zubar da su, a daren hunturu kuwa kafin asuba sun sandare. Daga nan sai a ce uwar muguwa ce, ba ta son 'ya'yanta. Haka nan in an ga ba ta shiga wurinsu da rana sai a ce ta ƙi su, a fara ɗura musu madara, alhali ɗabi'arta ce ta shayar da su sau ɗaya ko biyu a kwana, cikin 'yan mintoci, galibi da dare.

Tattabara ta fi zomo sa'a a hannunmu, domin mun daɗe tare da ita, kuma tana da fiffike, in wuri bai yi mata ba ta koma gidan maƙwabci. Tukwanen da ake kafawa a jikin katanga ko ƙarƙashin indararo ba ƙauyanci ba ne. A Masar har yau ana gina dogayen hasumiyoyin tattabaru da laka, da tukwane jere a cikin ginin, a Isfahan ta ƙasar Iran kuma tsofaffin hasumiyoyin da aka gina don tara kashinsu a yi taki suna nan tsaye. Tukunya ba ta ɗaukar zafi kamar garwa ko gwangwanin fenti da ake rataya musu yanzu. Abin da masu farawa ba su cika sani ba shi ne kowane aure gurbi biyu yake bukata. Ƙwai biyu take yi, ita da namijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci har kwana 17 zuwa 19, 'yan shila kuma su yi kamar sati huɗu kafin su bar gurbi. Tun ba su bari ba uwar kan sake yin wasu ƙwai. In gurbi ɗaya ne, a kan 'yan shilan za ta yi, su tattake ƙwan, ko kuma ta je ta ƙwace na wata, faɗa ya tashi. A sa ɗan yashi da tsinken ciyawa a gindin kowane gurbi don ƙwai kada ya gangara, ƙafar ɗan shila kuma kada ta baje a kan santsi. A bar ɗan dandamali a bakin ƙofa inda za su sauka, a kuma nisanta shi da katangar da muzuru zai iya dirowa daga kanta.

Wani abu da ya shafi lafiyar mutanen gida: ɗakin tattabaru kada ya kasance a jikin tagar ɗakin kwana. Ƙurar busasshen kashinsu da ta gashinsu tana taɓa huhu, balle ga yaro mai asma. Kafin a share a yayyafa ruwa. Sabon tsuntsu ko sabon zomo da aka sayo daga kasuwa kuma a ware shi sati biyu ko fiye kafin a haɗa shi da na gida, wanda ke nufin tun farko ana bukatar wani ɗan keji na daban. Wanda yake ganin wannan fi'ili ne ya tuna cewa murar tsuntsaye mai tsanani da aka fara tabbatarwa a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji ce a Jaji, nan kan hanyarmu ta zuwa Kaduna. A 2020 kuma wata cutar zomaye mai kisa cikin kwana ɗaya ko biyu ta ɓulla a Nijeriya ta yi wa masu kiwo ɓarna. Ciwon da ke murɗe wuyan tattabara da hunturu kuwa kowane mai tattabaru ya san shi, kuma sau da yawa baƙuwa ce ke kawo shi.

Ɓeran masar, duk da sunansa, bai taɓa zama ɗan Masar ba, daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito, ƙasashen Peru da Bolibiya da maƙwabtansu. Kuskuren da ake yi masa shi ne a sa shi a kejin zomo. Ƙafafunsa ƙanana ne, raga tana karya su. Daɓe yake so, da shimfiɗa mai kauri, da wurin ɓuya, ko da fasasshiyar tukunya ce, domin matsoraci ne na gaske. Ba ya hawa bango, saboda haka katanga gajeriya ta ishe shi, sai dai a rufe sama saboda shaho da kyanwa. Kuma kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C da kansa, dole kullum ya samu ɗanyen ganye. Wanda ya tsare shi a kan dusa zalla zai ga yana ɗingishi ya rasa dalili.

Kifin ado shi ne sabon shiga, kuma shi ne ya fi mutuwa shiru. An saba da tarwaɗa, wadda ke iya shaƙar iska kai tsaye, ta kwana a baho da ɗan ruwa ba ta damu ba, sai aka ɗauka duk kifi haka yake. Jan kifin nan na gilashi da iskar da ke narke cikin ruwa ya dogara, ruwa mai ɗumi kuwa iskarsa kaɗan ce. Ƙaramar ƙwarya ta gilashi mai ƙuntataccen baki, a kan teburin da rana ke bugawa ta taga, ga na'urar hura iska da ke tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, wannan ba mazauni ba ne. Akwati mai faɗin sama ake so, da kifi kaɗan, yadda ko babu wuta za su kai. Ruwan famfo in yana da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Akwai kuma abin da ido ba ya gani: kashin kifi yana zama guba a ruwa, wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama a jikin tsakuwa da soson tacewa su ne ke karya wannan gubar, kuma sukan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin su yi yawa a sabon akwati. Uwar gida mai tsafta da ke juye ruwan duka ranar Asabar ta wanke tsakuwar da omo tana kashe su ne, kifin ya biyo baya. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canzawa a sati, soson kuma a ɗauraye shi cikin tsohon ruwan.

Mun san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce a unguwar da mutum takwas ke kwana ɗaki ɗaya, buhun masara ya gagari magidanci, wane ne ke da sukunin auna wa zomo ƙafa uku? Ba mu raina wannan ba. Amma a duba abin da muka lissafa: tsohuwar tukunya, yashi, zana, karan dawa, ciyawa, gwangwani, buhu. Raga mai kauri ce kaɗai ke cin kuɗi, kuma kuɗinta bai kai na zomayen da za a sake saye sau biyu sau uku ba. Talaka ne ma ya fi bukatar kejin kirki, domin shi ne zomayen nan za su iya zame wa kuɗin littafi da na makaranta, kashinsu kuma masu lambu a bakin Kubanni da Galma ba za su ƙi shi ba. Wanda wurinsa bai kai ba, ya rage yawan dabbar. Aure ɗaya na tattabaru a tukwane biyu ya fi goma a cikin garwa. Wanda kuma yake gidan haya ya nemi yardar maƙwabta tun kafin wari ya nema masa ita.

Ilimin ma ba nisa ya yi ba. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana nan Samaru da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, tana Shika, kuma zomo na cikin dabbobin da ake nazari a can. Daga Kwangila mota ɗaya ce. Ɗaliban waɗannan wurare da yawansu a Hanwa suke haya, ƙofa da ƙofa da yaran da zomayensu ke mutuwa. Sallama ɗaya da tambaya ɗaya za su iya tsirar da keji guda.

Addini kuma bai bar wannan fage ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, yana cikin Buhari da Muslim, kowa ya ji shi a wa'azi. A cikin waɗannan littattafai kuma akwai labarin ƙanen Anas ɗan Malik, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Malamai sun fahimci halaccin yaro ya riƙe tsuntsu daga wannan, sun kuma fahimci sharaɗin daga wancan. Da zarar ka rufe ƙofar keji, inuwar dabbar da ruwanta da iskarta sun dawo wuyanka, domin ka hana ta nema da kanta.

Wannan ne ya sa akwai tsuntsayen da muke ganin a haƙura da su kawai. Kanarin da yara ke kamawa da tarko su sa a ɗan kejin kara mai faɗin tafin hannu biyu, ba ya iya buɗe fiffike, kukan da ake jin daɗinsa ba na murna ba ne lallai. In za a riƙe shi, a yi masa wurin da zai tashi daga wannan sanda zuwa waccan, da kaskon wanka. Aku kuwa, duk da matsayin da Abubakar Imam ya ba shi a Magana Jari Ce har muka taso muna ƙaunarsa, tsuntsun kurmi ne mai rayuwa cikin garke, yana iya shekara 40 ko fiye, kuma kamun da ake yi masa ya rage shi ƙwarai a daji, har taron ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da aka yi a Johannasbag a 2016 ya hana fataucin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Akun da ke zaune shi kaɗai cikin zagayayyen kejin waya a zaure, yana tsige gashin ƙirjinsa, ba wayo yake nunawa ba. Ba mu ga kejin da kafintan Hanwa zai ƙera ya ishe shi ba.

Ga sauran, akwai gwaji ɗaya da ba ya cin ko kwabo. In an gama keji, kada a sa komai a ciki. A ajiye shi a inda aka yi niyyar ajiye shi, a bar shi kwana biyu babu kowa. Da ƙarfe biyu na rana babban gidan ya je ya zura hannunsa ciki har kafaɗa, ya taɓa rufin ta ciki, ya bar hannun minti biyar. Da asuba ya sake zuwa ya ji ta ina iska ke shiga. Ya watsa bokitin ruwa a kan rufin daga gabas ya ga inda ya zuba. In hannun ya kasa zama, a matsar da kejin ko a ƙara masa zana, a sake gwadawa gobe, yaro kuma ya riƙe kuɗinsa zuwa kasuwa ta gaba.